SHARHI: Tallafin Hayar Da Ke Bin Talaka Duk Inda Ya Koma, Da Dambarwar 'Sashe Na 8' A Amurka

A watan Mayun 2025, gwamnatin Shugaba Donald Trump ta miƙa wa Majalisar Dokokin Amurka daftarin kasafin kuɗin shekarar 2026. A cikinsa ta nemi a zaftare kimanin dala biliyan 26.7 daga tallafin hayar gida da Gwamnatin Tarayya ke bai wa masu ƙaramin ƙarfi, wato kusan kashi 43 cikin ɗari. Ta kuma nemi a haɗe manyan shirye-shiryen tallafin wuri guda, a damƙa wa jihohi kuɗin a dunƙule, kowace jiha ta tsara nata yadda ta ga dama. Baya ga haka, magidancin da ke da lafiyar yin aiki ba zai wuce shekara biyu yana karɓa ba.

Kwamitocin kasafi na Majalisar Wakilai da ta Dattawa ba su karɓi wannan tsari ba a daftarin da suka fitar cikin watan Yulin 2025. Duk da haka maganar ba ta mutu ba, domin miƙa wa jihohi tallafin talakawa tsohon buri ne na masu ra'ayin riƙau a Jam'iyyar Republican, kuma yakan dawo duk lokacin da aka zauna batun kasafi.

Yawancin masu sharhi sun tsaya ne a kan yawan kuɗin da za a yanke. Sai dai akwai wani abu mai muhimmanci da zai salwanta ko da ba a rage ko kwabo ba, shi ne damar da iyali ke da ita a yau ta ɗaukar tallafinsu su koma da shi wani gari ko wata jiha. Wannan dama ita ce ƙashin bayan shirin, kuma yadda take aiki da inda take cijewa abin nazari ne ga duk mai hannu a tsara manufofin gwamnati.

Yadda shirin yake

Ana kiran shirin da 'Sashe na 8' saboda ya samo tushe daga sashe na takwas na Dokar Gidaje ta 1937, kamar yadda aka yi mata gyara a 1974 zamanin Shugaba Gerald Ford. Kafin lokacin, babbar hanyar da gwamnati ke bi ita ce gina rukunin gidaje ta zuba talakawa a ciki. Da yawa daga cikin waɗannan rukunai, musamman dogayen benaye na manyan birane, sun rikiɗe sun zama matattarar talauci da aikata laifi. Sai aka sauya dabara: a bai wa iyali takardar tallafi, su nemi gidan haya a kasuwa kamar kowa, gwamnati ta cika musu abin da ya gagara. Dokar 1998 ce ta haɗe nau'o'in takardun ta mayar da su shiri guda.

Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane, wadda aka fi sani da HUD, ita ke ba da kuɗi da ƙa'idoji. Masu gudanarwa kuwa hukumomin gidaje ne na birane da gundumomi da jihohi, waɗanda yawansu ya haura 2,000, kowace da iyakar yankinta. Kimanin iyalai miliyan 2.3 ne ke riƙe da takardar, adadin da ya zarce mutum miliyan biyar, kuma da yawansu tsofaffi ne da naƙasassu da iyaye mata masu ƙananan yara.

Iyali na biyan kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da suke samu, hukuma ta biya mai gida ragowar kai-tsaye, har zuwa wani ƙayyadajjen farashi da ake fitarwa bisa tsadar haya a yankin. Wanda samunsa ya wuce rabin matsakaicin samun mutanen yankinsa bai cancanta ba a mafi yawan lokuta, kuma doka ta ce kashi 75 cikin ɗari na sabbin takardu su tafi ga mafiya talauci.

Tallafin bai wadatar ba. Iyali ɗaya ne kacal cikin huɗu da suka cancanta ke samun kowane irin tallafin haya daga tarayya. Akan shafe shekaru a layin jira, wasu hukumomin ma sukan rufe karɓar sunaye na tsawon lokaci, in sun buɗe kuma su zaɓa ta hanyar ƙuri'a. Saboda haka wanda ya samu takardar yakan riƙe ta hannu bibbiyu. Da a ce ƙaura na nufin rasa ta, da babu mai motsawa daga inda yake, ko da aiki na jiransa a wani gari.

Ƙaura da takarda

An buɗe wannan ƙofa ne mataki-mataki tun daga ƙarshen shekarun 1980, har ta kai ga cewa mai takarda na iya komawa ko'ina a ƙasar, matuƙar akwai hukumar da ke gudanar da shirin a wurin. Iyali za su sanar da hukumarsu ta asali inda suke son komawa. Ita kuma ta tura takardunsu ga hukumar da za ta karɓe su, wadda za ta ba su sabuwar takarda, ta duba gidan da suka samo, ta kuma yi amfani da farashin yankinta wajen lissafi.

Akwai sharuɗɗa. Wanda ba mazaunin yankin hukumar ba ne lokacin da ya nemi tallafin, ana iya tilasta masa ya zauna a yankin na tsawon wata 12 kafin ya ƙaura. An yi haka ne don kada mutane su riƙa shiga layin ƙananan garuruwa inda jira bai da tsawo, su karɓi takarda, washegari su wuce babban birni. Wanda ya karya yarjejeniyar haya ana iya hana shi tafiya, sai dai doka ta keɓe matan da ke gudun cin zarafi a gidajen aurensu. Akwai kuma wa'adin neman gida, wanda mafi ƙarancinsa kwana 60 ne, kuma ƙa'idar da HUD ta fitar a 2015 ta wajabta wa hukumar da ta karɓi iyali ta ƙara musu kwana 30 a kai.

Inda gizo ke saƙar shi ne tambayar wa zai biya. Hukumar da ta karɓi iyali tana da zaɓi biyu. Ko ta shigar da su cikin nata kason, ta biya daga aljihunta, ko kuma ta riƙa aika wa hukumar asali takardar neman biya kowane wata. Ɗauki misalin iyalin da ke samun dala 1,500 a wata. Nasu kason dala 450 ne. Idan hayar gidansu dala 1,200 ce, hukuma na cika dala 750. Idan suka koma yankin da hayar irin wannan gida ta kai dala 1,800, kuma farashin yankin ya amince da hakan, nasu kason bai sauya ba, amma na hukuma ya tashi zuwa dala 1,350. Ƙarin dala 600 a kowane wata ya kusa isa a tallafa wa wani iyalin daban da ke layi.

Wannan lissafi ne ke sa ƙananan hukumomin gidaje na yankuna masu arha ke ɗari-ɗari da masu son tafiya birane masu tsada. Ƙa'ida ta ba su damar hana ƙaura zuwa wuri mafi tsada idan kuɗinsu ba zai isa ba. Hukumar da ke karɓa ita ma tana da nata ƙorafin, domin aiki ya ƙaru a kanta, kuɗin gudanarwar da za a biya ta kuwa yakan gaza wanda take samu a kan nata mutanen. Tsakanin ofis biyu da kowanne ke kare kasafinsa, fayil yakan kwana a kan tebur, wa'adi na tafiya, iyali kuma na zaune da kaya a ɗaure.

Shin ƙaurar na da amfani?

Amurkawa sun daɗe suna auna wannan tambaya. A 1966, wata mata mai suna Dorothy Gautreaux da wasu mazauna gidajen gwamnati suka kai ƙarar hukumar gidaje ta Shikago bisa zargin cunkusa baƙar fata a unguwanni keɓaɓɓu. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 1976, kuma daga nan aka taimaka wa iyalai kusan 7,000 suka koma wasu unguwanni da garuruwan da ke kewayen birnin a cikin shekara ashirin da suka biyo baya.

Abin da aka gani a Shikago ne ya sa HUD ta gudanar da babban gwaji daga 1994 zuwa 1998 a birane biyar: Baltimo, Boston, Shikago, Los Anjeles da Niyok. An raba iyalai kusan 4,600 ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka ba su takarda da sharaɗin komawa unguwar da talauci ya yi ƙaranci, wasu takarda ba sharaɗi, wasu kuma aka bar su inda suke. Sakamakon farko ya sanyaya gwiwar mutane da dama, domin samun manya bai ƙaru ba, ko da yake lafiyarsu ta inganta, musamman ta fuskar ƙiba mai tsanani da ciwon suga da damuwa.

Sai a 2015 masana tattalin arziki uku na Jami'ar Harvard, Raj Chetty da Nathaniel Hendren da Lawrence Katz, suka bi sawun yaran waɗannan iyalai bayan sun girma, ta hanyar bayanan haraji. Suka gano cewa yaran da aka ƙaurar da su kafin su cika shekara 13 sun fi takwarorinsu da aka bari samun kuɗi da kusan kashi 31 cikin ɗari lokacin da suka kai tsakiyar shekarunsu na ashirin, kuma sun fi shiga jami'a. Waɗanda aka ƙaurar bayan sun wuce wannan shekaru ba su amfana ba, wasu ma abin ya ɗan taɓa su. Ma'ana, ribar ƙaura tana ga ƙananan yara, kuma kowace shekara da fayil ya ɓata a ofis ana cire ta ne daga rabon yaro.

Wani gwajin da aka fara a 2018 a birnin Siyatil da gundumar King da ke kewaye da shi ya ƙara fito da wani abu. An haɗa wasu iyalai da jami'an da ke raka su neman gida, suna shiga tsakaninsu da masu gidaje, tare da ɗan taimakon kuɗin ajiya da na ɗaukar kaya. A cikin waɗanda aka bai wa takarda kawai, kimanin kashi 15 cikin ɗari ne suka koma unguwanni masu kyakkyawar makoma ga yara. A cikin waɗanda aka raka, adadin ya haura kashi 50. Ashe abin da ke tsare mutane a tsoffin unguwanni ya fi alaƙa da wahalar neman gida da rashin kuɗin kama shi, fiye da son zama a wurin.

Masu gida da maƙwabta

Ko an warware rikicin ofisoshi, sai an samu mai gidan da zai yarda. Dokar tarayya ta 1968 ta haramta nuna bambanci a harkar gidaje saboda launin fata ko addini ko asali, amma ba ta hana mai gida ƙin karɓar takardar tallafi ba. Wasu jihohi da birane sun yi nasu dokokin da suka haramta hakan. Jihar Tekzas kuwa akasin haka ta yi a 2015, inda ta hana biranenta tilasta wa masu gidaje karɓar takardar.

Cibiyar bincike ta Urban Institute ta gwada masu gidaje a wani nazari da ta fitar a 2018. A Fort Worth da ke Tekzas, kashi 78 cikin ɗari sun ƙi mai takarda. A Los Anjeles kashi 76, a Filadelfiya kashi 67. A Newark, inda doka ta haramta ƙin, adadin ya sauka zuwa kashi 31, a birnin Washinton kuma kashi 15. Nazarin ya kuma nuna cewa a wasu biranen ƙin ya fi tsanani a unguwannin masu hali, wato daidai wuraren da ake fatan talaka ya kai.

Akwai kuma batun farashi. Shekaru da yawa ana fitar da farashi guda ga babban birni da duk kewayensa, wanda ya isa a unguwar talakawa amma bai kai ko kusa ba a unguwar da ke da makarantu masu kyau. A 2016 HUD ta fitar da ƙa'idar lissafa farashi bisa ƙananan shiyyoyin gidan waya, aka fara aiki da ita a manyan yankunan birane 24 a 2018, daga baya aka faɗaɗa.

Maƙwabta ma ba kullum suke marhabin da baƙi ba. A garuruwan Lancaster da Palmdale da ke arewacin gundumar Los Anjeles, inda iyalai baƙar fata da dama suka koma da takardunsu saboda arhar gidaje, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta gano a 2013 cewa jami'an tsaro da masu binciken hukumar gidaje sun riƙa kai wa masu takarda samame da tsangwama. An sasanta shari'ar a 2015 tare da biyan diyya.

Idan aka miƙa wa jihohi

Masu goyon bayan shawarar Trump suna da hujjojinsu, kuma ba a raina su. Sun ce kasuwar haya a Kalifoniya daban take da ta Misisipi, don haka jiha ta fi Washinton sanin abin da ya dace da ita. Sun ce tsarin da ake bi yanzu yana bai wa mutum ɗaya tallafi na shekaru masu yawa alhali uku na layi ba su samu komai ba, kuma wa'adi zai sa abin ya zagaya. Sun kuma nuna yawan takardu da binciken gidaje da ke korar masu gida daga shirin.

Sai dai ƙaura da tallafi tana yiwuwa ne saboda kuɗin daga tushe ɗaya yake, ƙa'idar ma ɗaya ce daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Da zarar jihohi 50 sun tsara shirye-shirye 50, kowace da nata sharaɗin cancanta da wa'adi, babu gwamnan da zai yarda ya riƙa biyan hayar wanda ya bar jiharsa, babu kuma wanda zai so ya ɗauki nauyin baƙo alhali masu zaɓensa na layi.

Tarihi ya nuna inda irin wannan hanya ke ɓullewa. A 1996, zamanin Shugaba Bill Clinton, an mayar da tallafin kuɗi na iyalai matalauta dunƙulallen kaso ga jihohi, dala biliyan 16.5 a shekara. Adadin bai motsa ba tun daga lokacin, hauhawar farashi ta cinye fiye da kashi 40 cikin ɗari na darajarsa. Kalifoniya kuma ta yi yunƙurin biyan sabbin zuwa abin da tsohuwar jiharsu ke biya na tsawon shekara guda, sai da Kotun Ƙoli ta soke matakin a 1999. Wancan hukunci ya hana a ware baƙo a rage masa haƙƙi. Bai tilasta wa wata jiha mutunta takardar wata ba. A tallafin da ake jira shekaru kafin a samu, mayar da mutum ƙarshen layi daidai yake da ƙwace masa.

Abin da ya shafe mu

Najeriya ba ta da shiri irin wannan, amma tambayar da ke ƙarƙashinsa tana gaban ma'aikatan tarayya kullum. Tun da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi a 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati na Abuja daga 2005, ƙaramin ma'aikaci ya koma hannun masu gidajen haya, waɗanda ke neman kuɗin shekara guda ko biyu a dunƙule. Dubban masu aiki a Sakatariyar Tarayya suna kwana ne a Mararaba da Masaka cikin Jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla cikin Jihar Neja. Kasuwar haya ɗaya ce, gwamnatoci uku ke iko da ita. Ƙudirin da Sanata Smart Adeyemi ya kawo a 2022 don taƙaita karɓar kuɗin haya na gaba a Babban Birnin Tarayya bai zama doka ba, kuma ko da ya zama, ikonsa ba zai tsallaka iyakar Nyanya ba.

Sabuwar Dokar Haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, mai fara aiki daga 1 ga Janairun 2026, ta kawo rangwamen haya: ana cire kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara daga kuɗin da za a yi wa haraji, amma kada ya wuce naira 500,000. Alfanunsa shi ne yana bin mutum duk inda ya koma. Matsalarsa kuwa, mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba ya biyan haraji tun farko, don haka babu abin da zai rage masa. Wanda ke biyan hayar naira 600,000 kuma yake matakin harajin kashi 15 zai tsira da naira 18,000 ne a shekara. Wanda ke matakin ƙoli na kashi 25 kuma ya cike iyakar rangwamen zai tsira da naira 125,000.

Idan wata rana aka zo tsara tallafin haya na gaske ga masu ƙaramin ƙarfi, abin da ya faru a Amurka ya nuna wuraren da za a sa ido tun a daftarin farko. Tallafin ya rataya a kan mutum da lambarsa ta ɗan ƙasa, kada a ɗaura shi a kan takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, domin sashe na 41 da na 42 na Kundin Tsarin Mulki sun ba kowa 'yancin zama ko'ina ba tare da wariya ba. Asusun biya ya zama ɗaya, don kada Abuja da Lafiya da Minna su tsaya jayayyar wa zai biya. A lissafa farashi unguwa-unguwa, tunda hayar Garki ba ita ce ta Kuje ba. A kuma tanadi kuɗin kama gida da na ɗaukar kaya, domin alawus ɗin kwana 28 na farko da Dokokin Aikin Gwamnati suka tanadar wa wanda aka yi wa canjin wurin aiki ba a yi shi don biyan hayar shekara ba. Ma'aikatan Babban Banki da na Hukumar Filayen Jiragen Sama da aka mayar Legas a 2024 sun san nauyin da ke cikin wannan magana.

A Amurka, iyalai miliyan 2.3 na jiran ganin ko Majalisa za ta ci gaba da riƙe shirin a hannun tarayya a kasafin shekaru masu zuwa. Ga uwar da ke riƙe da takarda a Shikago kuma aka yi mata tayin aiki a wata jiha, amsar ita za ta yanke ko za ta karɓi aikin ta tafi da 'ya'yanta, ko za ta haƙura da shi don kada ta rasa rufin da ke kansu.